Zauna-Mu-Gani

Sun zo da takarda mai faɗin tabarma,
su uku, a mota mai warin fenti,
suka shimfiɗa ta ƙarƙashin gawo,
gabas da Daura, inda hanyar Zango ke karkata.
Ni Barau magini na danne mata kusurwa da takalmina,
kada iska ta tafi da gari tun ba a gina shi ba.

Uwani ce babbarsu, fensir soke a ɗankwali.
Ta ce gida ashirin da huɗu, a kewaye kamar faifai,
katanga iya ƙugu, kowa ya ga hayaƙin kowa,
rijiya a cibiya, murhu ɗaya na gari duka,
ga dakalin hira nan, ta ɗiga masa ja.
Na ce, hira ma sai an yanka mata fili?
Sallau ya yi dariya, ya rubuta maganata a littafi.

Muka kwaɓa ƙasa, muka mulmula tubali.
Na koya musu azara ba ta son gaggawa,
suka koya mini taga ta dubi inda iska ke fitowa.
Bango ya sha makuba. Damina ta gwada shi, ta haƙura.

Sai mutane suka tare.
Kafin kaka Inna Dije ta ɗora wa katangarta zana,
wai ba ta saba a ƙirga mata loma ba.
Zabuwa ta saka ƙwai a murhun gari.
Dakali mai ɗigon ja, awaki ke zaman fada a kai,
hira kuwa ta koma gindin yashin da muka manta ba mu kwashe ba,
inda mai shayi ya kafa tebur bai tambayi kowa ba.
Ƙafafu suka tsaga lambu,
'yar hanya siririya, a karkace,
daga ƙofar Ladingo zuwa ta Kande,
ƙawayen da zane ya raba da gida shida.

Bayan shekara Uwani ta dawo da takardarta.
Na zaci faɗa za ta yi.
Ta tuɓe takalmi, ta bi hanyar nan har ƙarshenta,
ta zauna bisa yashi, aka miƙo mata shayi,
ba ta sha ba sai da ya huce.
Can ta ciro magogi daga jaka.

Ni dai na danne mata kusurwa, kamar ranar farko.