Baƙuwar Murya

Ranar Talata muka buɗe mata baki
a garejin Tankari, bayan tashar Abalak,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta zama daɓe.
Bai taɓa komai ba. Kunne kawai ya kasa.
Ya ce, "Ɗan Nomau, wannan ba tari ba ne,
shaƙuwar ƙarshe ce.
Ruwa da mai sun haɗa kai a ciki,
fistan na uku yana rawa a ɗakinsa
kamar wake ɗaya a gwangwani."

Shekara talatin da ɗaya.
Ashirin da shida na babana, biyar nawa.
Ta kai albasa Agadas, ta dawo da kanwa,
ta ja raƙumi daga bakin rijiya a Cintabaraden,
an haifi yarinya a bayanta kafin a kai Tabalak.
Shi ma ita ta kai shi makwanci,
a hankali, giya ta biyu,
jama'a na biye da ƙafa.

Na sayar da raguna huɗu, na ci bashin sauran.

Sabon ba sabo ba ne.
Daga Kwatano ya zo, zaune a kan tsohuwar taya,
ɗaure da igiya, da lambar alli a kafaɗa.
Wa ya tuƙa shi? Me ya kashe gangar jikinsa?
Ba a tambayar kayan hannu asali.

Aka rataya sarƙa a reshen gawo.
Yara uku na ja, Tankari na tsawa,
tsohon ya fito yana lilo, yana ɗiga,
ya fi yadda nake zato ƙanƙanta.
Na leƙa gurbinsa,
sai na ga ƙasa ta cikin motar,
da tururuwa na wucewa abinsu.

Baƙon ya ƙi zama.
Ƙafafunsa sun saɓa da yatsa biyu,
bulo huɗu sun shiga, biyu sun noƙe,
bakin buwat da nasa ba su ji yaren juna ba.
Aka kira Alhu mai walda, wuta ta ɗauke.
Muka sha shayi har zagaye na uku,
wanda ba ya da komai sai sukari da jira.
Laraba ta tafi haka. Alhamis ta bi ta.

Juma'a bayan masallaci
Tankari ya zuƙi gazuwal da baki,
ya tofar, ya ja tsaki, ya ce, "Murɗa."
Na murɗa. Shiru.
"Akwai iska a hancinsa. Ƙara."
Na ƙara. Ya yi atishawa biyu,
reshen gawo ya girgiza,
ya kama.

Wallahi ya kama!
Na hau tudun rairayin hanyar Afala
ban nemi ƙaramar giya ba,
ba hayaƙi, ba roƙo, ba salati.
Na yi dariya ni kaɗai kamar wanda aka yafe wa bashi.

Sai da na iso gida.

Inna idanunta sun daɗe da yin hazo,
amma tun daga kwanar masallaci take jin motar nan,
ta ce, "Ga shi nan," ta sauko da ƙwaryar fura,
ko bayan da "shi" ya koma ni.
Yau na tsaya har ƙofar zaure,
injin na numfashi lafiya lau.
Daga ciki ta ce wa jikarta,
"Leƙa ki gani, baƙi muka yi."

Ƙarfen tsohon, a kilo aka auna shi.
Fistan shida na ɓoye a buhu,
na kai wa Gado mai zubin sanholo.
Ƙaramar tukunya ɗaya suka bayar, da murfi.

Jiya tana kan murhu, wake na tafasa,
murfin na kaf-kaf-kaf, yana ɗan tsallake ɗaya.
Na ga Inna ta karkata kai.
Ba ta ce komai ba.
Ta ƙara itace.