Ƙofar da ke Tsakani

Gidana a hawa na huɗu yake, a Karshiyaka,
in na leƙa taga sai teku, sai Izmir a ƙetare.
Shekara talatin ina gyaran injin jirgin fito,
yau na ajiye aiki, maguna huɗu ne iyayen gidana.

Zeytin a bayan kasuwar kifi na tsince ta,
kunne ɗaya a yage, ba ta ga maciji da kowa.
Bonjuk da ƙanwarta a kwalin takalmi aka bar min su
a gindin matakala, ko sallama babu.
Sai auta, Duman,
wato hayaƙi a harshenmu,
don haka na gan shi, toka-toka, yana sulalowa
daga ƙarƙashin motar da ba ta gama hucewa ba,
ranar da ruwan Disamba ya ƙi ɗaukewa.

Likita Ilkay ta ɗebi jininsa,
ta ɗiga a wani ɗan farin falle, muka zuba ido.
Minti goma, layi biyu suka bayyana.
Ta ce, "Nusret Bey, ƙwayar sankarar jini ce ta maguna.
Ba ta kama mutum, amma yawu ne jirginta:
kwano ɗaya, lasar juna, cizon wasa.
Shekara biyu, ko uku, ko abin da Allah ya yi."
Na ce, "To, ni ma ai ba a ba ni takardar tawa ba."

Sai na raba gidan yadda ake raba cikin jirgi,
in ruwa ya ci ɗaki guda, kada ya ci saura.
Ukun suka sha allurar rigakafi, suka yi min gaba ta kwana biyu.
Duman ya gaji ɗakin ɗinkin marigayiya,
da kwanonsa shuɗi, da tsohuwar rigar sanyina.

Da asuba, kafin shayina ya tafasa,
nakan ɗaga leɓensa in duba dadashi:
ja ne yau, ko ya koma farin cikin kifi?
In ɗora shi a ma'aunin kicin.
Kilo biyu da ɗari takwas. Jiya da ɗari tara ne.
Romon kaza a sirinji, ɗigo-ɗigo,
rabi a cikinsa, rabi a hannun rigata.
In wanke hannu har gwiwa, in sake riga,
sannan in fito wa masu jira, suna harara ta
kamar ma'aikatan da albashinsu ya makara.

'Yata Gulten ta bugo daga Bursa:
"Baba, wahalar ta yi yawa, kuɗin fanshonka nawa ne?"
Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ta yi shiru. Ranar Talata sai ga buhun abincinsu a ƙofa.

Abin da ban shirya masa ba, Zeytin ce.
Ita da ba ta taɓa barin kowa ya raɓe ta ba,
kullum dare sai ta kwanta a bakin ƙofarsa,
ta zura hannu ta ƙasa, shi ma ya zuro nasa.
Na toshe da tawul. Ta janye. Na mayar. Ta janye.
Dare huɗu muna wannan shari'a.

Ran na biyar na sauko da akwatin kayan aiki,
da gilashin tagar jirgi, zagayayye, mai bakin tagulla,
wanda na ɓoye tun ranar da aka yanka tsohon jirginmu.
Na huda ƙofar daidai tsayin mage,
na ɗaure shi da kusoshi takwas, ko iska ba ta ratsawa.

Ban san ko zai ga wani Disamban ba.
Yau dai ya ci rabin kwano da kansa,
ya yi wa tsuntsun teku tsawa ta taga.
Da na durƙusa da tsumma zan goge gilashin,
sai na ga tabon hanci biyu,
ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje.

Na ninke tsumman, na je na hura shayi.