Katin Kuka

Shekara tara ina jera kati
a ɗakin karatu na Azare,
kowane littafi da lambarsa a gadon baya:
noma nan, shari'a can,
tarihin Katagum daf da taga.

Ran Talata Bappa Sambo ya shigo,
ya ce, "'Yata, ina na kuka?"
Yatsana ya sauka kan Itatuwa,
na miƙo masa ganye da ɓawo da miya.

Ya buɗe shafi biyu, ya rufe.
"Ba shi ba. Mai ɗakina ce, watan jiya."

Baƙaƙe ɗaya, wasula ɗaya,
murya ce ta raba su,
kati kuwa kurma ne.

Bayan la'asar na yanko sabo, na rubuta:
Kuka, duba kuma Rashi.