Mai Zuciya Biyu

Shekara talatin ina awon auduga,
ina rubuta nauyin gumin wasu a littafi.
Ran da aka sallame ni da ambulan
na ce wa Dudu: bana zan huta da mai.

Daga Duwala Sanda dillali ya kira,
murya kamar an shafa mata zuma:
"Baba, wannan ba mota ba ce, taguwa ce.
Zuciya biyu gare ta, ɗaya lantarki,
ɗaya inji, shi kuwa barci ya fi yi.
Lita huɗu, kilomita ɗari.
Za ka manta hanyar gidan mai."

Ta iso Garwa ran Laraba, fara sol,
ko ledar kujeru ba a ɓare ba.
Na tada ta, ban ji komai ba.
Yaran unguwa suka ce ai matacciya ce,
sai ta sulale kamar kifi a Binuwai,
ba tari, ba hayaƙi.
Na ce alhamdu lillahi, an rabu da mai.

Mako uku.
Allura na sauka kamar kogi a watan Maris.
Na kakkaɓe tsohon littafin awo,
hannu ba ya manta sana'arsa.
Kasuwar Pitowa ran Lahadi, na rubuta.
Ta'aziyya a Gidar, na rubuta.
Kai jika makaranta, ɗauko jika.
Na tara, na raba, na goge gilashi na sake rabawa:
tara take sha, wata rana ta leƙa goma.
Tsohuwar akwalar da na sayar da arha
ba ta fi haka zalama ba wajen mai.

Hayatu bakanike, gindin dalbejiya,
ya ɗaga murfi, ya ga wayoyi ruwan lemo,
ya mai da hannuwansa baya.
"Waɗannan ba na taɓa su, ina da 'ya'ya.
Amma Baba, kana kunna sanyi?"
Na ce a Garwa? Wa zai ƙi?
Ya ce, "To sanyin ke tsotse batir,
batir ya ta da inji daga barci,
inji ya tashi da yunwa.
Ga ramuka, ga tafiyar nan da can,
ga zuwa-zuwa na kwalba da kake ɗura mata
don ka rage sefa ɗari biyu.
Lita huɗun nan, inda aka auna ta,
ranarsu tana da kunya.
Tamu, ko inuwa sai ta sha mai."

Na kira Sanda. Ya ce ƙafata ce da nauyi.
Na kuma kira, aka ce ba ya kusa.

Sai na koyi taka ta kamar mai taka ƙwai.
Na kashe sanyi, na sauke gilasai,
'yan babur na wuce ni suna waiwaye,
wani mai amalanke ya ce in matsa.
Riga ta manne a baya. Bakwai da rabi.
Dudu ta ce, "Ka sayi randa ka mai da ita tanda.
Sauke ni, zan hau babur.
Ka ci gaba da tattalin mai."

Amma akwai sa'a guda.
Bayan asuba, kafin rana ta tuna da mu,
nakan fito ni kaɗai, in nufi gada.
Injin na barci. Ina jin tsuntsaye,
ina jin masunta na kiran juna a ƙasa,
allo ya nuna huɗu, cif.
Ashe Sanda bai yi ƙarya duka ba,
gaskiyarsa ce gajera,
daga masallaci zuwa bakin kogi.

Na rubuta wannan ma a littafi,
na juyo, rana ta ɗago,
na tsaya a gidan mai.