Gwangwanin Baba Tanimu

Gwangwanin madara ne kawai,
da ɗan katako mai lambobi da suka dushe.
Baba Tanimu ya ɗora shi bisa katangar bayan gida
a Kabala Doki, inda ake jin numfashin kogi da dare.
Shekara talatin da huɗu yana riga ladan tashi,
ya tsoma katako, ya kai shi gaban fitila,
ya rubuta a littafi mai shuɗin bango:
ranar kaza, yatsa biyu. Ranar kaza, babu.

Muna yara, dariya muke masa.
Wa ke auna abin da Allah ya zubo kyauta?
Sai ya ce, "Talatuwa, sama ma da halinta.
In kina son sanin halin wani, riƙe masa lissafi."

Yau littattafan nan goma sha ɗaya suna hannuna,
shi kuwa yana kwance inda ruwa ba ya damunsa.

Na buɗe na fari.
Damina na shigowa kamar baƙon da ya san gida,
ta yi sallama da yayyafi, ta zauna, ta miƙe ƙafa.
Agusta shafi ne cike da ƙananan lambobi,
marka ta kwana uku, tufafi ba sa bushewa,
Inna na faɗa da ɗanyen itace.

Na buɗe na ƙarshe.
Babu. Babu. Babu.
Kwana goma sha tara, masarar bakin kogi ta naɗe ganye.
Sai wani dare guda,
rubutun Baba ya karkace:
"Ya fi ƙarfin gwangwani."

Zafin ma ya rubuta shi,
daga ma'aunin da ya rataya a gindin mangwaro.
Ni ba na bukatar ma'auni.
Kyandir ya lanƙwashe a cikin kwaba,
randa ta manta aikinta,
ƙarfe biyun dare bango na huci kamar murhu,
fanka na kwaso wuta daga kusurwa tana raba mana.

Jiya Mamuda ya kira daga bakin teku,
can kudu inda yake sarin bandar kifi.
Iska na cinye rabin maganarsa.
Ya ce rumfar da muka ɗauki hoto a gabanta
yanzu kwalekwale ke bi ta kanta.
Ya ce rijiyar unguwarsu ta koma gishiri,
itatuwan kwakwa na faɗuwa ɗaya ɗaya, saiwa a sama,
masunta sun daina yarda da watan da kakanninsu suka yarda da shi.
Ya ce, "Ku dai kun huta, Yaya, kuna kan tudu."

Ban amsa ba.
Ina kallon layin laka a bangon ɗakina,
daidai ƙugu,
inda kogi ya tsaya bara da ya shigo ba sallama,
ya tafi da buhun shinkafa da takalmin Uwani ƙafa ɗaya.

Wane tudu?
Kogin nan da ke bayanmu gangarawa yake,
ya bi ta ƙasar Nufawa, ya faɗa Kwara,
Kwara ta kai shi har bakin gishiri.
Abin da ya tumbatsa daga gwangwanin Baba
shi ne zai je ya ƙwanƙwasa ƙofar Mamuda.
Tabarma ɗaya ce, shi yana baki, ni ina tsakiya,
kuma ta jiƙe.

Yanzu hadari ya haɗu a gabas,
baƙi ƙirin, ta wajen gada.
Ko ya zubo, ko ya watse, ba mai iya rantsuwa.
Na sauke gwangwanin madara,
na ɗora na fenti, babba, a gurbinsa.

Uwani ta leƙo tana dariya.
"Mama, wa ke auna ruwan sama?"

Na ce, miƙo min biro.