Mai Sayar da Shawara

Ofishina yana saman gidan burodi a wani lungu na Porto,
ɗaki biyu, tebur huɗu, taga ɗaya mai leƙen kogi.
Ba na ƙira, ba na ɗinki.
Shawara nake sayarwa, abin da ba ya hawa sikeli.

Ran Litinin Albano Quintela ya kira daga Felgueiras.
Masana'antar takalma, gadon kaka, ma'aikata tamanin da shida.
Ya ce, "Mun sayi manhaja da kuɗin gina gida,
wata bakwai ke nan ta zama mujiya a cikinmu."

Na tafi da Tomé, yaron da na ɗauka bara,
mai saurin yatsa, mai imani da zanen allo.
A mota yana lissafi: mako shida an gama.
Na bar shi. Ruwa yana dukan gilashi.

Ɗakin yanka yana warin fata da gam.
Injuna na kuka, mutane sun yi tsit.
Na san wannan shirun, shi ke tarbarmu ko'ina:
masu jaka sun iso, wa za a sallama?

A sito muka tarar da Idalina,
shekara talatin da huɗu da fensir a bayan kunne.
Kwamfutar da aka ba ta, ta lulluɓe da tawul,
ta ɗora mata tukunyar fure.
Tomé ya ƙyalƙyale. Ni na nemi kujera.

Kwana uku ban buɗe jakata ba,
ina miƙa almakashi, ina shan gahawa mai ɗaci.
Rana ta huɗu ta jawo littafi mai baƙin bango,
gefen kowane shafi ɗigo-ɗigo kamar sawun kaza.
"Wannan fatar takan tsuke in an yi ruwa.
Wannan dillalin in ya ce Talata, Juma'a yake nufi.
Na'urarku kullum nawa take tambaya.
Ba ta taɓa cewa don me ba."

Da dare Albano ya saya mini gasasshen kifi,
ya turo takarda ta ƙarƙashin faranti.
Suna goma sha ɗaya. Nata ne na farko.
"Ki sa a rahotonki, daga waje ya fi sauƙin haɗiya."

Na tuna albashin mutum uku ranar ashirin da takwas,
da haya, da wani kamfani a Braga da ya riƙe mini kuɗi tun bazara.
Ƙaya ta tsaya mini a wuya, ba ta kifin ba.
Na ce, "Abin da na gani zan rubuta.
Bakina ba na aro ba ne, in za ka ci albasa ci da naka."
Ya daɗe yana juya cokali.

Mako shida ya zama wata biyar.
Mun yi faɗa, mun shirya, layin ɗinki ya tsaya sau biyu.
Mutum huɗu sun tafi, ba zan ɓoye ba,
ɗayansu ya gan ni a tasha ya kau da kai.
Tomé ya kwashe ɗigon fensir ɗaya bayan ɗaya,
ya buɗe musu gurbi a manhaja, ya sa masa suna Dalili.
Furen ya koma bakin taga.
Tawul ɗin yana nan a aljihun tebur, ko da za a buƙata.

Albano ya biya, a makare, ba godiya.

Jiya Tomé ya tsaya a kaina:
"Yaushe za mu sauya namu tsarin lissafin?"
Na ce sai wata mai zuwa, yanzu aiki ya yi yawa.
Ya dubi hannuna, ni ma na duba.
Yana kan tsohon littafina, ya danne shi tam.
Daga ƙasa ƙamshin burodi yana hawowa.