Wanda Ba a Ji Rashinsa Ba

Tasin Antwi ta shigo Suwame tana ɗingishi,
salansa na tari, ɗanyen fetur na wari,
sitiyari na karkarwa kamar mai masassara.

Na ce fulogi ne. Maigida Labaran bai tanka ba.
Ya ɗora tafin hannu bisa inji, ya lumshe ido,
kokonsa na hucewa kan benci.
"Huɗu ne a ciki, uku ke aiki.
Zare su ɗaya-ɗaya, ka kasa kunne."

Na zare kwayil na farko, inji ya shaƙe.
Na mayar. Na biyu ma haka.
Na uku na zare,
muryar ko gezau.

"Kar ka yanke masa hukunci tukuna.
Kai shi ɗakin maƙwabcinsa.
In ɗingishin ya bi shi, nasa ne."
Ya kuwa bi shi.
Ga tsaga siririya a wuyansa
inda wuta ke zurarewa kafin ta isa.

Antwi ya ƙirga sidi, ya kama hanyar Tafo.
Da dare, kan tabarmata a Aboabo,
barci ya ƙi:
in aka zare ni gobe daga garejin nan,
muryarsa za ta sauya?